Musun Jar Mota

"Nan da shekara biyar sai an yi layi ana neman irinta," Makanike ya rubuta a zauren masoya motoci na waya. "Guda ɗari uku kacal aka ƙera, ƙofa biyu, giyar hannu."

Ba a jima ba amsar amininsa Mai Fenti ta shigo: "Haba malam! Masu saye aka rasa, shi ya sa aka daina ƙerawa. Wannan ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a cikinta ba."

Shekara tara ke nan suna wannan musu a kan jar motar da ke lulluɓe a garejin Makanike. Sauran 'yan zauren sun gaji, sun fice ɗaya bayan ɗaya.

Yana cikin dariya 'yarsa ta shigo da abinci.

"Baba, kai da wa?"

"Ni da kawunki Mai Fenti mana. Har yau ya ƙi yarda."

Ta tsaya cak. "Baba, Kawu fa watansa bakwai da rasuwa."

"Na sani." Ya ɗago wata tsohuwar waya daga kan cinyarsa. "Wayarsa ce, matarsa ta ba ni. Na san duk abin da zai ce, sai in rubuta a madadinsa."

Ya mayar da wayar kan cinyarsa, ya ci gaba.

"Jiya na sa ya ce ni ke da gaskiya. Da na karanta, sai na ji lallai ya mutu. Na goge."