Ba a Tsayawa a Rabi

Tsohon telan ya jira sai da masu sayen magani suka watse, sannan ya ajiye takardar asibiti a gaban mai shagon, bazawarar da yake nema da aure.

"Kin san wannan, Hajiya?"

Ta gyara tabarau. "Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ai ya girmi 'yata."

"Yanzu likitoci suna gwada shi a kan ciwon daji, kuma ina cikin gwajin. Ba su yi mini alkawarin komai ba." Ya dubi hannuwansa. "Na zo in janye maganata ta aure."

Ta daɗe tana kallon takardar. Gurbin sunan mai rakiya babu kowa.

"Shekara talatin ina gaya wa mutane, in an fara irin wannan magani ba a tsayawa a rabi," ta ce a hankali.

"Kin riga kin yi jinyar miji ɗaya."

"To, ka ga na iya."

Ta rubuta sunanta, ta miƙa masa biron.

"Gurbin dangantaka na bar maka, Malam. Ka cike shi kafin ƙwayar farko."