Kafin Layi Ya Zo Kan Fannami

Saura mutum uku layi ya zo kansa, Fannami kuwa har yanzu bai yanke ba, ko da ƙarar bindiga zai buɗe, ko da rurin kogi.

Ranar farko ce a ajin masu koyon aikin taimakon jama'a a Diffa. Madam Abigaël, wadda za ta koyar da su yadda ƙwaƙwalwar mutum ke lura da tunawa, ta ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu da abu guda da ba zai taɓa mantawa ba. Ta kuma ce wata ƙungiyar agaji ta roƙe ta ɗalibi ɗaya tak da zai yi sitaj na wata uku a sansanin Sayam Forage, kuma yau za ta zaɓa. Kowa a ajin ya san wanda ya yi wannan sitaj ba ya dawowa neman aiki.

Tuni Fannami ya ga kansa a kujerar gaba ta farar mota, gwiwar hannu a taga.

Na farkon dai ya saurare su don ya auna ƙarfinsu. Ɗan Azumi, wani dogon Badamagare, ya ce ba zai manta ranar da raƙumi ya kore shi a kasuwa ba. Wata ƴar Chétimari ta ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye gonar barkonon babanta. Barkono! Fannami ya ji har tausayinsu yake yi. Shi labarinsa ya sha gwaji, a wajen mai shayi, a tasha, gaban baƙi masu littafi da biro. Duk sa'ad da ya ba da shi, kogin yakan ƙara faɗi kaɗan.

Yarinyar da ke gefensa ta miƙe. Ita ce ɗazu, da ya shigo a makare, ta ɗauke jakarta daga benci ya zauna, ta kuma kalle shi fiye da yadda ya kamata. Bai yi mamaki ba, ya saba, a ganinsa. Muryarta ƙasa-ƙasa take, ta yi masa daidai, don bai son abin da zai katse masa shiri. Ya yi ta jera kalmominsa a zuci: inda zai dakata, inda zai sauke murya, inda zai dubi rufi kamar mai haɗiye hawaye.

Can sai ya ga aji duka ya juyo yana kallonsa. Wata a baya ta ce, “Allah sarki.” Fannami ya gyara wuyan sabuwar shaddarsa. Ashe telan bai cuce shi ba.

Yarinyar ta zauna. Ya miƙe.

Ya ce shi ɗan Damasak ne. Ya ce yana shekara goma sha biyu ranar da gari ya watse, kowa ya nufi Komadugu. A bakin ruwa ya iske wata yarinya tana kuka tana kiran innarta, ba ta iya iyo ba, manya suna wuce ta. Sai ya goya ta, hannu ɗaya a kan gora, ɗaya yana yankar ruwa. Sau uku tana suma a bayansa. Da suka kai gacin Nijar ya shimfiɗe ta a yashi ya yi gaba, ko sunanta bai tambaya ba, don shi ba mai neman godiya ba ne.

Nan ya dubi rufi.

Ajin ya yi tsit. Ɗan Azumi ya cusa hannun rigarsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Fannami ya lura da shi, ya ce a ransa, ƙato da kai kana kuka. Ya zauna a hankali, irin zaman wanda ya gama aiki.

Madam Abigaël ta ɗauki alli ta rubuta kalma biyu: lura, tunawa. Ta ce lura ƙofa ce ƴar ƙarama, abu biyu ba sa shiga tare. Wanda ke jiran layinsa kansa kawai yake ji, mutumin da ya yi magana daf da shi kamar bai yi ba. Tunawa kuma ba hoto ba ce, ɗinki ce, duk lokacin da ka ciro ta sai ka sake gyara ta daidai jikinka. Ta ce a Sayam ba a neman mai labari, suna da dubbai. Mai saurare ake nema.

“Malam Fannami, me maƙwabciyarka ta ce?”

Ya miƙe ya yi murmushi. “Madam, ta ce... tana son taimakon jama'a ƙwarai.”

“Sunanta fa?”

Ya dubi yarinyar, ko za ta raɗa masa. Ɗan Azumi ya kasa, ya kife a kan tebur. “Gwani na kogi!” in ji shi, “a ba shi gora, zai nutse!”

Madam ta rubuta suna ɗaya a littafinta ta rufe. “Nazifa, don Allah maimaita masa. Wannan karon yana ji.”

Nazifa ta miƙe. Babu fushi a fuskarta, sai kunya kaɗan, kuma ba Madam take kallo ba.

“Cewa na yi ba zan manta Fannami ɗan unguwarmu ba, da na goya na ƙetare Komadugu da shi, yana kuka yana kiran innarsa, har sau uku yana suma a bayana, kuma shekara goma ina roƙon Allah in sake ganinsa, sai ga shi yau ya zo ya zauna kusa da ni.”