Canjin Saman Bene

Tun daga ƙafar bene Mai Kanti ya fara da-na-sanin biyo tafinta. Hannunsa ɗaya na kan cikinsa, inda ya ɗaure dalolinsa da tsohon ɗankwalin matarsa, ɗayan yana laluben bango. Babu allo a ƙofa, babu layi, babu komai da zai nuna ana canjin kuɗi a nan.

Dole ce ta kawo shi. Gobe za a yi wa matarsa aikin zuciya a nan ƙasar waje, asibiti kuma sun ce sai an biya yau, da kuɗin ƙasar. Da safe ya je banki, aka buga masa lissafi, ya ga da sauran rata mai nisa. Kayan kantinsa kaf ya karyar kafin su taso, ba abin da ya rage a gida. Ba shi da wanda zai kira. Ɗansu ɗaya ne, shi ma tun ranar da ya watsar da kanti ya shiga duniya, uban ya rantse ko ruwa ba zai sha da kuɗinsa ba, kuma Mai Kanti ba ya lashe amansa. Ga matar ta kafe, ita sai wannan asibitin, duk tsadarsa.

A bakin ɗakin marasa lafiya tafintan asibitin ya ja shi gefe.

"Baba, akwai wani mutumin kirki. Farashinsa ya fi na banki nesa ba kusa ba."

Mutumin kirki a harkar canji! Mai Kanti ya yi tsaki a ransa, amma ya biyo.

Ɗakin da ke saman benen ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujerun roba, katifa a jingine da bango, sai labule da ya raba ɗakin biyu. Ɗan canjin ƙato ne mai kunya, da baƙin man inji a ƙarƙashin farcensa. Ya miƙe ya gaida Mai Kanti har da rusunawa. Wannan ladabin shi ya fara tayar masa da hankali.

Ya kwance ɗankwalin ya zube kuɗin. Tsofaffin takardu ne, ƙanana, wasu duk sun yi laushi. Kowane ɗan canji a duniya sai ya ɗaga irinsu a haske, ya yatsina fuska, ya rage farashi. Wannan ko kallon kirki bai yi musu ba. Ya ɗan saci kallon labule, ya faɗi wata magana da yarensu, tafinta ya fassara.

Mai Kanti ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya lissafa a kai, ya sake lissafawa. Kuɗin asibiti cif, har da ɗan abin sayen magani.

A kasuwa ya yi furfura, ya san wanda ke sayarwa ƙasa da yadda ya saro, ko dai ɓarawo ne, ko kayansa jabu ne. Ba na uku.

Ƙaton ya jawo leda daga aljihun tebur. Kuɗin ba a ɗaure suke irin na banki ba, sababbi da tsofaffi a cakuɗe, wasu a nannaɗe. Yana ƙirgawa yana ɓata, yana komawa farko, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Tafinta kuwa sai fara'a yake kamar shi aka ba. Bakinsu ɗaya ke nan. Sun ga baƙo, tsoho, mai majinyaci, sun ga banza ta faɗi.

Bai nuna musu komai ba. Ya yi godiya, ya cusa ledar a rigarsa. Da suka sauko titi ya ce wa tafinta ya yi gaba, shi zai tsaya ya sha iska. Yana ganin ya sha kwana, ya miƙe sai banki. Ba zai kai wa asibiti jabu a kama shi a gaban gadon matarsa ba.

Da guntun Turancinsa ya roƙi ma'aikaciyar ta duba masa. Ta zuba kuɗin a na'ura, na'ura ta zazzage su tas, ba ta tofar da ko ɗaya ba. Wani zai yi hamdala ya kama gabansa. Mai Kanti sai ya girgiza kai: lallai jabun ya kai jabu, tunda har inji ya ruɗa. Ya ce ta sake. A nan ta ɗago ta tambaye shi takardar shaidar canji. Ya ce ai a saman wani bene aka ba shi.

Ashe a ƙasar canjin bayan fage babban laifi ne. Kafin ya gama bayani manaja ya fito, 'yan sanda sun iso, an zuba ledar a buhun shaida an liƙe. Suka ce ba mai taɓa ta sai alƙali ya zauna. Ya ce aikin matarsa gobe ne. Suka ce ya nuna musu wurin.

Da sauri ya shige gaba, ransa na tafasa. Ko ba komai zai karɓo dalolinsa, ya kuma ga ƙarshen macuta.

Suka banke ƙofar. Ƙaton ya ɗaga hannu yana rantse-rantse, wai shi makanike ne, bai taɓa canji ba a rayuwarsa, abokin aikinsa ne ya roƙe shi ya zauna a kujerar. Wani ɗan sanda ya shiga bayan labule ya fito da mutum na biyu, siriri, cikin rigar gareji, ya murɗe hannunsa baya ya danna masa ankwa.

Mutumin bai yi gardama ba. Kansa a sunkuye, da muryar da Mai Kanti ya yi shekaru bai ji ba, ya ce, "Baba, da ka kai wa asibiti kawai. Duk abin da na tara ke nan, kuma Umma ta ce ta haka kaɗai za ka karɓa."