Usur ɗin Baba Seini

"Wai wa Baba Seini zai ba usur ɗin nan?"

Hikma ta ji tambayar daga bakin wani mai tasi a layin sayen ƙosai. Ta sunkuyar da kai, ta karɓi ledarta ta wuce. Maganar ke nan a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, har a bakin famfo inda mata ke cewa ba ruwansu da ƙwallo.

Taurarin Zango ba wani babban kulob ba ne, amma shi kaɗai unguwar ke da shi, bana kuwa yana can ƙarshen jeri. Mai filin da suke wasa ya riga ya faɗa: in suka faɗo daga rukuninsu, zai yanka wurin ya ba masu gina shaguna.

A kulob ɗin nan ba kwamiti ke naɗa koci ba, usur ne. Wani tsohon usur na ƙarfe, wanda koci mai sauka ke rataya wa magajinsa da hannunsa. Wanda bai karɓe shi ba, ko maƙogwaronsa zai tsage a bakin fili, yara ba sa juyowa.

Baba Seini, mai riƙe da shi, tun bara ciwo ya kwantar da shi a ɗakin ƙarshe na gidan da Hikma da mijinta ke haya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasar waje. Maza kan gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ɗaga musu hannu, su fita suna cewa tsoho yana nan yana auna mutane. Hikma kaɗai ke shiga ciki, da safe, da kofin koko. Ta share, ta gyara masa matashi, ta mayar da komai mazauninsa. Ita ce ma ta sauya wa usur ɗin igiya da tsohuwar igiyar ta cinye, ko da yake kowa ya san a ƙusa yake rataye tun ranar da Baba ya kwanta.

Kwamiti ya ɗauko Kamaldeen daga Accra, mai takardar shaidar horar da 'yan wasa. Samari suka buga fuskarsa a riguna tun kafin ya sauka daga mota. Sun gama lissafi: shi zai ceci fili, baɗi kuma a ɗauki kofi.

Mijin Hikma, Suraj, bakanike ne a Magazin, unguwar garejoji, ya daɗe yana bin bayan Baba da buhun ƙwallaye da jarkar ruwa. Ba wanda ya sa shi cikin lissafi, har shi kansa. Maigidansa na gareji ya ba shi makullin wata rumfa ta kansa, da sharaɗin ya zaɓa, ko sifana ko ƙwallo. Suraj ya ce wa Hikma da zarar an miƙa usur, shi da fili sai kallo. Ta ji daɗi ƙwarai, don tana da juna biyu, cikin har ya fara ɗagawa.

Ranar Asabar da aka sa don miƙa usur, tun da safe gida ya cika da maza, har da masu ganga. Hikma ta fito da koko, ta tarar ƙofar Baba ta toshe da kafaɗu. Ba za ta iya kutsawa cikin maza haka ba, ga ciki. Ta tsaya jikin bango har kofin ya fara sanyi a hannunta, sannan ta taɓa hannun rigar mijinta.

"Maigida, miƙa masa, kada ya huce."

Aka buɗe wa mai koko hanya. Suraj ya wuce Kamaldeen, ya durƙusa. Baba ya kurɓa, ya dube shi, ya miƙa hannu ya zaro usur daga ƙusa ya rataya masa a wuya.

"Kai na zaɓa. Riƙe da kyau, kada yaran nan su watse."

Leɓen Hikma suna motsi tare da nasa har ƙarshen maganar. Matar da ke gefenta ta ɗauka addu'a take yi.

Kafin azahar Kamaldeen ya kama hanyar Accra. Samari suka juya rigunansu ciki waje, suka ɗaga Suraj sama suna cewa Baba ya hango abin da kwamiti bai gani ba. Da yamma Suraj ya je Magazin ya mayar da makullin rumfa. Ya dawo idonsa jawur.

"Ashe duk shekarun nan yana kallona, Hikma. Ni da ko sannu bai taɓa ce mini ba."

Aka ci Taurarin Zango a wasan farko. Aka ci su na biyu. Waɗanda suka ɗaga shi suka koma jifan kwanon ɗakinsu, mai fili kuma ya fara zuwa da masu awo. Suraj ya rame, amma ko wanka zai shiga ba ya cire usur ɗin. Ya ce Baba bai taɓa kuskuren zaɓen ɗan wasa ba, ba zai fara a kansa ba.

Sau da yawa Hikma takan buɗe baki, ta dubi yadda yake shafa ƙarfen nan da babban yatsa, ta ce masa abinci ya nuna. Rumfa ta riga ta tafi, fili ma yana hanya. Abin da ya rage masa maganar nan ce guda ta bakin tsoho. Ta ƙudurta ba mai jin komai daga gare ta, ko uwarta.

Wata safiya ta kai koko kamar kullum. Baba ya kurɓa, ya dube ta, ya lalubi ƙusar da babu komai a jikinta. Sannan ya zagaya wuyanta da hannu wofi, ya ce ita ya zaɓa, ta riƙe da kyau kada yaran nan su watse, kamar yadda yake gaya wa duk wanda ya miƙa masa kofin nan, kowace safiya tun bara.