Gayyar Gonar Bakin Hanya

Ɗayyabu, mahaifiyarka ta ce 'yan ƙungiyar unguwa sun zo har ƙofar gida don ku tafi yashe kwata, ka aika musu cewa kai aikin albashi kake nema, ba na "an gode" ba. Ni na san ba girman kai ba ne. Tun da aka sallame ka daga wurin aikin nan idon mutane kake gudu. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi da ciwo ya daɗe da kwantar da shi. Neman magani ya cinye gonarsa, ya haɗa da 'yan awakin matarsa. Da Allah ya ba shi lafiya, sai ya tarar ba abin da ya rage masa sai ƙwadago a gonakin mutane. To amma wa zai ɗauki mutumin da gari duka ya saba gani a kwance? Masu gona in sun gan shi sai su yi masa ya jiki, su wuce su ɗauki wani. Tun yana fita da fartanya yana dawowa da ita ko ƙasa ba ta taɓa ba, har ya gaji ya rataye ta a jikin rumbu, rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Matarsa ke yi wa maƙwabta surfe a ba ta ɗan tsaki, da shi yara ke kwana. Abin da ya fi ciwon muni shi ne, shi ma ya yarda da ganin da ake yi masa. Yakan dubi hannuwansa ya ce sun gama aiki a duniya.

Ana nan sai ƙungiyar manoman garin ta sa gayya a gonar wata tsohuwa da ba ta da kowa. Gonar kuwa a bakin hanyar kasuwa take. Ka san gayya ba biya, daga fura sai godiya. Sarkin noma ya biyo ta gidansa da kansa, ya ce ya fito ko inuwa ce ya zauna a yi hira da shi. Ya fito yana jan ƙafa, fartanyar a ɓoye a bayansa. Da mutanen suka hango ta, sai suka matsa suka bar masa kunya guda a tsakiyarsu, kuma ba wanda ya ce masa ya jiki. A ganina wannan ya fi duk wani alheri da suka yi masa.

Makaɗi ya saki ganga, samari suka zuba, kowa na son ya riga fita ƙarshen gona a yi masa kirari. Mai gaggawa a noma kuwa ƙasa kawai yake kifawa a kan ciyawa, saiwar tana nan da ranta. Shi mutumin namu ba ƙarfin tsere, sai ya bi a hankali, yana saran ciyawa tun daga saiwa, ya karkaɗe ta, ya juya ta sama rana ta ci. Kafin ya gama kunya ɗaya wasu sun shiga ta uku. Makaɗin, da yake bakin makaɗa ba ya zama banza, ya dawo ya tsaya a kansa yana kaɗa masa kirarin kunkuru. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, rabonsa da dariya tun kafin ciwo. Da rana ta take ya sa ludayi a ƙwarya ɗaya da kowa. Ya koma gida tafin hannunsa duk bororo, ya nuna wa matarsa kamar wanda ya kawo tsaraba.

Daga ranar duk inda ƙungiya ta sa aiki yana ciki, cikon hanya ne ko yaɓen masallaci, har ya zama shi ke bi gida-gida yana tayar da masu nawa. Ruwa kuma ya yi ta zuba. Ciyawa ta miƙe a gonar tsohuwa kamar ba a taɓa sa mata fartanya ba, in ban da 'yan kunyoyi a tsakiya da suka tsaya tas, dawarsu ta yi shar. Ranar kasuwa wani babban manomi daga ƙauyen gaba ya zo wucewa, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Iya, wa ya nome miki nan?" Ta ce, "Wanda aka yi wa dariya." Ya nemi gidan mutumin namu, ya ɗauke shi aikin maimai, daga baya ya danƙa masa kula da 'yan ƙwadagonsa duka. Da kaka ta yi, matarsa ta daina surfen kowa sai nata.

Ina jinjina wa mutumin nan, Ɗayyabu, don fitowar da ya yi ta fi noman wuya. Ina kuma jinjina wa waɗanda suka matsa masa. Ƙwarewar tana hannunsa tun yana ɗaki, amma a ɗakin ko shi bai san tana nan ba, balle mai wucewa kasuwa. Gobe ma 'yan ƙungiya za su fito, shebur ɗina kuma yana bayan ƙofa. Hausawa dai sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.