Ƙauye a Kan Tebur

Barau, mai zanen jikin manyan motoci a Ƙanƙara, ya ɗiga ruwa a jan fenti yana juyawa har ya yi launin ƙasar garinsu. A teburin Alhaji Mani ɗan kwangila an jera ƙauyuka uku na katako, kowane gida kamar akwatin ashana. Washegari manya za su zo daga Kaduna su zaɓi ɗaya don wani babban aikin gwamnati.

Biyu daga ciki, Barau ya shafa musu fenti sama-sama. Nasu kuwa, Unguwar Gide, ya zauna masa. Ya fito da rumbuna da masallaci, har baƙin hayaƙin da ke bangon ɗakin tsohuwarsa.

Washegari da aka tashi taro, Alhaji ya fito yana murmushi.

"Naku suka ɗauka, Malam Barau. Shi ya fi kyau a hoto."

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Titi ne ko asibiti?"

Alhaji ya miƙa masa gwangwanin shuɗin fenti.

"Madatsar ruwa ce. Ka shafe garin duka. Amma ka tsinka fentin sosai, suna son a riƙa hango rufin gidajen a ƙasan ruwa."