Ranar da Sojoji Suka Tashi

Sojoji na naɗe tantuna lokacin da maigari ya iso gonar da ya ba su shekara biyu da suka wuce. Tun zuwansu ɓarayin shanu ba su sake kore garke ko ɗaya ba, mata ma sun koma cin kasuwar Mayahi.

"Kapitan, ina zuwa haka, ga gero bai nuna ba?"

"Baba, an haɗe rundunarmu da wata. Manya sun auna, sun ga ƙananan sansanoni na shan esansi a motoci, gara a tara ƙarfi wuri guda."

"Mu fa? A ƙofar masallaci ka rantse ba za ku bar mu ba."

Kapitan ya sunkuyar da kai. "Inda ake kuka aka bar wa sojoji. Ku an ce kun samu lafiya."

"Wa ya ce?"

Kapitan ya miƙo masa takarda ba tare da ya dube shi ba. Maigari bai iya faransanci ba, amma ya gane hatiminsa a ƙasa. Wasiƙar godiya ce kan zaman lafiyar da garin ya samu, wadda kapitan da kansa ya roƙe shi ya buga wa hatimi bayan babbar sallah.